Injinan iska ko layin wuta, wanne za a fara?

Malam, ka tambaya ko a kafa injinan iska tukuna, a ja layin wuta daga baya. A'a, tare ake tsara su, don layin ne ya fi cin lokaci. Dubi Tafkin Turkana a Kenya: an gama kafa injina 365 a 2017, amma layin da zai kai wutar zuwa tashar rarraba wuta ta Suswa, fiye da kilomita 400, bai kammala ba sai 2018. Ga iska, ga injina, babu hanyar fitar da wuta.

Sai dai kafin a zaɓi fili, a lura da tsuntsayen wurin rani da damina. A Kipeto, wata tashar injinan iska a Kenya, inda ungulaye ke shawagi, sai da aka ajiye masu sa ido suna tsayar da inji duk lokacin da ungulu ta doso.