Tambaya da Amsa: Farin Tabo a Jikin Dokin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon dokin teku (ƙaramin kifin ruwan gishiri mai kai kamar na doki) guda biyu a tankin gilashi mai cin lita 120. Tun shigowar zafi na ga farin tabo a wutsiyar ɗaya, kullum ƙara faɗi yake, fatar wurin kamar tana zagwanyewa, kuma ya rage cin abinci. Zafin ruwan digiri 28 ne a ma'aunin Celsius. Me ke damunsa? Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, 28 ɗin nan ita ce tushen matsalar. Dokin teku ba shi da ɓawo kamar sauran kifaye, fata ce siririya a kan zobban ƙashi, ɗan ƙwarzane ma ya isa cuta ta samu ƙofa. Abin da ka bayyana ya fi kama da aikin ƙwayar cutar Vibrio. Dama tana cikin ruwan gishiri, amma ta fi ɓarna idan zafi ya haura digiri 24.

Ka ware shi yau ɗin nan a tanki mai lita 40, ba yashi ba duwatsu, sai bututun iska da wani abin roba da zai naɗe wutsiya. Ka sauke zafin zuwa digiri 20 ko 21 sannu a hankali, kada ya wuce digiri biyu a yini. Fanka a saman ruwa ɗan sauƙi kawai take kawowa. A zafin Maris da Afrilu sai da na'urar sanyaya ruwa, ita ma da tanadin wuta. Kullum ka canza rabin ruwan da sabo wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na ciki, wajen 1.023 a ma'aunin gishirin ruwa.

Maganin da aka saba amfani da shi neomycin ne haɗe da sulfa, ko nitrofurazone. Likitan dabbobi ne zai yanka maka adadi, kuma ka cika kwanakin ko tabon ya ɓace. Kada ka zuba a babban tanki, zai kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tace maka ruwa.

Sannan ka auna babban tankin: amoniya da nitrite (gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci) su zama sifili, nitrate (abin da suke rikiɗa su zama) ƙasa da 20 a ma'aunin gwajin ruwa. Ka riƙa zuƙe ragowar jatan landen da kake ba su bayan kowane ci, don a kansa cutar ke yaɗo. In akwai hita (na'urar ɗumama ruwa) ciki ka cire, dokunan sukan naɗe ta da wutsiya su ƙone. Kuma ka sa safar hannu in kana da rauni, cutar na kama mutum.

Tambaya: Nawa dokin tekun kore-kore ne ya fito masa a baya, amma yana cin abinci lafiya. Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, galibi gansakuka ce, tana kama su ne saboda ba su cika motsi ba, kuma ba ta cutarwa. Rage awannin fitila ya isa. Amma in kika ga ƙuraje masu iska a ƙarƙashin fata, yana ta tasowa sama ya kasa nutsewa, wannan cutar kumfar iska ce. Kada ki huda da allura. Ki nemi likita, maganin acetazolamide ake ba su.