Hukuncin Ganin Likita Ta Waya Ko Ta Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mazaunin Agege ne a nan Legas, ina sana'ar tumatir da albasa a kasuwar Mile 12. Tun da asuba nake fita, sai bayan isha'i nake dawowa. Iyalina tana da ciki wata bakwai, ga yara biyu ƙanana. Kai su asibiti yana cinye mini wuni guda, tsakanin gosulo da layin kati. Wani abokin sana'ata ya nuna mini yadda ake magana da likita ta WhatsApp ko kiran bidiyo, a biya kuɗi kaɗan ya rubuto magani. Shin ya halatta? Idan kuma likitan namiji ne, ya ce ta turo hoton inda ke damunta, yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya raya zuri'a.

Asalin abin halal ne, ɗan'uwa. Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya ce a hadisin Usama ɗan Sharik wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito: "Ku nemi magani, ya ku bayin Allah." Bai ƙayyade hanyar da tambaya za ta bi ta isa ga mai magani ba. Bukhari da Muslim ma sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa wani mutum ya zo ya ce cikin ɗan'uwansa ya ɓaci, sai Annabi ya ce: "Shayar da shi zuma." Marar lafiyar yana gida, bayani kawai aka kawo, aka ba da magani a kai, mutumin kuma ya yi ta dawowa yana faɗin halin da ake ciki har Allah ya kawo sauƙi. Wannan ya isa hujja cewa ba da shawarar magani daga nesa ba baƙon abu ba ne a shari'a. Kuɗin da za ka biya kuma ladan aiki ne, Annabi da kansa ya biya mai ƙaho ladansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da ingancin ƙulla ciniki ta waya da makamantanta.

Amfaninsa ba ya ɓuya ga wanda ya san Legas. Mai hawan jini ko ciwon suga da likitansa ya riga ya san shi, yana da na'urar awo a gida, zai iya turo sakamako a gyara masa magani ba tare da ya wuni a cikin danfo ba. Mun ga ranarsa lokacin kullen korona a 2020. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda ya sauƙaƙa wa matanmu samun likita mace. Mata nawa ne suka zauna da ciwo shekara da shekaru saboda kunya? Yau tana ɗakinta za ta yi wa 'yar'uwarta mace bayani.

Sai dai halaccin yana da iyaka, kuma a nan nake so ka natsu. Likitan da ke cikin waya bai san komai game da jikin matarka ba sai abin da aka gaya masa. Ba zai latsa ciki ya ji inda ke da zafi ba, ba zai saurari ƙirji ba, ba zai ji bugun zuciyar ɗan da ke ciki ba. Zazzaɓin cizon sauro da taifot da wasu cututtukan sukan faro da kama ɗaya, gwajin jini ne ke raba su. Duk wanda ya ji "zazzaɓi" ya rubuto maganin kashe ƙwayoyin cuta nan take, babu tambaya babu gwaji, ka yi hattara da shi, domin shan irin wannan magani barkatai shi ke sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa. Likitan kirki da kansa zai ce maka wannan ya fi ƙarfin waya, ku tafi asibiti.

Akwai halin da tsayawa rubuta saƙo ma laifi ne. Mai ciki ta ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi, waɗanda kan zo gabanin jijjiga, ko ta daina jin motsin ɗa. Yaro yana suma, ko numfashinsa yana sama-sama, ko ya kasa shan komai. Babba ya ji ƙirji ya ɗaure, ko baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu. A nan zuwa asibiti wajibi ne, jinkiri kuma haramun ne ga mai iko, domin Majalisar Fiƙihu a 1992 ta bayyana cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa. Babban asibitin Orile-Agege yana kusa da kai, ga asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, LASUTH, a Ikeja, ga lambobin agajin gaggawa na jihar Legas, 112 da 767. Ka rubuta wa iyalinka su, ka kuma bar mata kuɗin mota a gida saboda irin wannan rana.

Sai maganar wanda ake tambaya. Allah ya ce a cikin Suratun Nahli, aya ta 43: "Ku tambayi ma'abota sani idan kun kasance ba ku sani ba." Farar riga a hoton Facebook ba ta mayar da mutum likita. Likita a Najeriya yana da rajista da hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kuma haƙƙinka ne ka tambayi cikakken sunansa da lambar rajistarsa da asibitin da yake aiki. Mafi aminci ka bi ta asibitin da ka sani, ko likitan da ya taɓa duba ta ido da ido. Ba mu manta watan Agusta na 2014 ba, bayan Ebola ta shigo Legas, yadda saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Annabi ya ce wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da likitanci ba, to ramuwa tana kansa, kamar yadda Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito. Wannan ya haɗa da mai kemis da ke kiran kansa dokta, da mai tura sunan magani a zauren WhatsApp wai don ya yi wa wani aiki.

Game da likita namiji, Majalisar Fiƙihu a zamanta na Burunai a 1993 ta jera abin kamar haka: likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya ko da ba Musulma ba ce, in babu sai namiji Musulmi amintacce, sannan wanda ba Musulmi ba, a buɗe gwargwadon buƙata kawai, kuma da miji ko muharrami ko wata mace a wurin. Kiran waya ba keɓancewa ba ce irin ta ɗaki ɗaya, amma ƙofa ce. Ta tsaya kan maganar ciwo, cikin suturarta, kana kusa ko wata 'yar'uwa tana kusa, kada a zarce zuwa hirar dare.

Hoto kuwa, ra'ayina a kansa mai tsauri ne. Ƙurji a hannu, jan ido, harshe, takardar sakamakon gwaji, babu laifi a tura. Amma abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa, da ƙirji, kada ta ɗauka kada ta tura, ko da wa likita mace ne. Dubawar asibiti tana ƙarewa da zarar an fito daga ɗaki, hoto kuwa yana nan. Yana cikin wayarta, yana cikin tasa, wayar na iya ɓacewa a tashar mota ko ta kwana a hannun mai gyara a kasuwar wayoyi ta Computer Village. Ko likitan ya riƙe amana, ba shi da iko da abin da zai biyo baya. Lalura tana halatta abin da aka hana ne idan babu wata mafita, kuma a garin da ke da asibitoci irin Legas akwai mafita. Ciwon da ya kai a duba al'aura ya kai a je asibiti.

Saboda haka ku yi amfani da shi wajen tambaya da ƙananan larurori da bibiyar magani. Amma awon ciki ba ya yiwuwa ta waya. A wata na bakwai dole a riƙa auna jininta da fitsarinta da kwanciyar ɗa. Ranar awo ka bar wa yaron shagonka kaya ka raka ta, ko ka haɗa ta da wata dattijuwa a unguwa, domin kula da lafiyarta yana cikin kyakkyawan zaman da Allah ya umarce ka da shi.

Wallahu a'alam.