Amsar tambayar Yaya kan Felipe Carrillo Puerto, gwamnan Yukatan

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yaya, na ji tambayar da ka jefo jiya da dare, cewa ka ga an ambaci wani filin jirgin sama a garin Tulum na ƙasar Meksiko, wanda aka buɗe a watan Disambar 2023, an sa masa suna Felipe Carrillo Puerto, kana so ka san ko shugaban ƙasa ne ko wani babban janar. To, ba ko ɗaya ba ne. Gwamnan jiha ne, jihar Yukatan da ke kudu maso gabashin ƙasar, kuma bai ma cika shekara biyu a kan kujerar ba. A yi mini haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, don mutumin ya kai a tsaya a kansa.

Ba za ka gane shi ba sai ka gane yadda Yukatan take a lokacin. Arzikin jihar gaba ɗaya ya rataya ne a kan wata shuka da suke kira heneken, mai dogayen ganye masu kauri da ƙaya a baki. Ana fitar da zare daga ganyen a tufka igiya, kusan kamar yadda ake yi da rama. Amurka ce babbar mai saye, musamman kamfanin International Harvester, don da igiyar ake ɗaure dammunan alkama a gonakinsu. Kuɗi sun shigo sosai, Merida, babban birnin jihar, ya cika da manyan gidaje. Amma gidaje 'yan ƙalilan ne suka mallaki gonakin, su kuwa 'yan ƙabilar Maya, waɗanda su ne asalin masu ƙasar, su ne leburori. An ƙwace filayen ƙauyukansu, an ɗaure su da bashi. Mutum zai ci bashi a kantin mai gona, ba shi da ikon barin gonar sai ya biya, kuma an tsara abin ta yadda ba zai taɓa biya ba. Bauta ce, Yaya, sunan ne kawai aka sauya mata.

A cikin wannan hali aka haife shi, ranar 8 ga Nuwamban 1874, a garin Motul, tsakiyar yankin heneken ɗin. Gidansu ba na masu gona ba ne, mahaifinsa ɗan tireda ne, 'ya'ya goma sha huɗu. Ya yi aikin jirgin ƙasa, ya yi dakon kaya ƙauye-ƙauye, kuma tun yana yaro bakinsa ya faɗa a yaren Maya. Wannan shi ne jarinsa na farko a siyasa. Da juyin juya halin Meksiko ya barke a 1910 ya shiga, ya yi zaman kurkuku bayan ya harbe wani mutum a rikicin siyasa, da ya fito ya tafi jihar Morelos ya haɗu da mutanen Emiliano Zapata, masu fafutukar a mayar wa manoma filayensu. Daga can ya dawo gida da wannan aƙida, a zamanin da Janar Salvador Alvarado yake mulkin Yukatan, wanda shi ne ya soke bautar bashin a 1915.

Soke doka abu ɗaya ne, mutum ya samu gonar da zai noma kuma wani abu ne daban. Nan Carrillo Puerto ya sa ƙarfinsa. Ya jagoranci jam'iyyar 'yan gurguzu ta yankin, ya kafa ƙungiyoyin manoma da ma'aikata a garuruwa da ƙauyuka, ya ci zaɓe, aka rantsar da shi ranar 1 ga Fabrairun 1922. Kuma jawabinsa na farko a matsayin gwamna da yaren Maya ya yi shi. Ku tsaya ku auna wannan. Shekaru ɗaruruwa ana mulkin mutanen nan da Sifaniyanci, a kotu, a ofis, a coci, sai ga gwamna ya tsaya a Merida yana yi musu magana da harshen da iyayensu mata suka rene su da shi. Ni a ganina, ko da wannan kaɗai ya yi, ya faɗa musu cewa gwamnatin tasu ce.

Amma bai tsaya a jawabi ba. A cikin watannin da ba su kai ashirin da huɗu ba, ya raba wa ƙauyuka fili sama da hekta 600,000. Ya buɗe makarantu sama da 400. Ya kafa jami'a a Merida a 1922, wadda ita ce jami'ar jihar har yanzu. Ya gina hanyar mota zuwa Chichen Itza, tsohon birnin Maya, don yana so 'ya'yan leburorin nan su je su ga abin da kakanninsu suka gina da hannunsu. A zamaninsa mata suka fara tsayawa takara a jihar. Rosa Torre González ta shiga majalisar birnin Merida, sannan a 1923 mata uku suka ci kujerun majalisar jiha, har da ƙanwarsa Elvia.

Ba zan ce muku mala'ika ba ne. Dokar da ya yi ta sauƙaƙa saki, da ƙasidun tsarin iyali da aka rarraba, sun haɗa shi faɗa da cocin Katolika da iyalai da yawa. Abin da ya fi damuna kuma shi ne yadda ya gina jam'iyyar. A ƙauyuka da dama, ta hannun masu ƙarfin gari ya bi, mutanen da ke da 'yan daba, ya ba su muƙami su kuma su kawo masa jama'a. An yi tashin hankali a siyasar lokacin, kuma ɓangarensa ma ba su da hannu mai tsabta. A takarda ƙungiyoyinsa na da dubban mambobi, amma ba su da makamai, ba su da horo.

Ranar da aka buƙace su ta zo da wuri. A ƙarshen 1923 ya fito da dokar da ta ba gwamnati ikon karɓe gonakin heneken da masu su suka bari ba a nomawa, a miƙa wa leburorin. Da ma yawancin filin da ya raba a baya bai taɓa zuciyar arzikin masu kuɗin ba, wannan dokar ce ta taɓa. Ana cikin haka, a watan Disamba, Adolfo de la Huerta ya yi wa shugaban ƙasa Álvaro Obregón tawaye saboda rikicin wanda zai gaje shi. Carrillo Puerto yana tare da Obregón da ɗan takararsa Calles. Sojojin da ke yankin suka koma ɓangaren 'yan tawaye, gwamna ya waiga ba shi da rundunar da za ta kare shi. Ya gudu gabas ta jirgin ƙasa, ya nemi tserewa ta teku, aka kama shi a tsibirin Holbox aka mayar da shi Merida. Kotun soja ta zauna a gaggauce. Da asubahin 3 ga Janairun 1924 aka harbe shi a maƙabartar birnin, shi da 'yan'uwansa uku, Wilfrido da Edesio da Benjamín, da wasu na kusa da shi, su goma sha uku gaba ɗaya. Yana da shekara 49.

Kanar Juan Ricárdez Broca ne yake riƙe da jihar a madadin 'yan tawaye a lokacin, kuma tun daga wannan rana mutane da yawa a Yukatan suke zargin cewa masu gonakin heneken na da hannu a gaggauta kisan. Tawayen kansa bai yi nisa ba, cikin 'yan watanni Obregón ya murƙushe shi. Amma matan nan uku sun rasa kujerunsu, Elvia ta bar jihar saboda barazana ga rayuwarta, kuma sai a 1953 matan Meksiko suka samu cikakken 'yancin jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa.

Wanda yake da ƙarin bayani a cikinmu ya ƙara. Wassalam.