Dokar muhalli tana kare talaka, amma kafin a ba da lasisi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko yarjejeniyoyi da dokokin sauyin yanayi da ake ta sa wa hannu suna tsinana wa talaka wani abu, musamman idan kamfani ya zo da aikin wutar sola ko injinan iska yana neman filin da mutane ke noma ko kiwo. Na daɗe ina aiki da wata ƙungiya da ke taimaka wa al'ummomi fahimtar takardun irin waɗannan ayyuka, kuma daga abin da na gani zan ba ka amsa.

Idan Yarjejeniyar Paris ta 2015 kake nufi, gaskiya ba ita za ta tsare maka gona ba. Ƙasashe sun amince a hana zafin duniya ƙaruwa da digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5, amma kowace ƙasa ita ke yanka wa kanta yawan hayaƙin da za ta rage, kuma babu tarar da ke kan wadda ta gaza. Amurka ta fita a 2020, ta dawo a 2021, ta sake sanar da fita a 2025. Ra'ayin da Kotun Duniya ta bayar a Yulin 2025, cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, yana da nauyi ƙwarai, sai dai shawara ce ga gwamnatoci. Ba na raina waɗannan abubuwa, lauyoyi suna kafa hujja da su. Amma manomi ba da su yake shiga kotu ba.

Abin da ke tsayar da aiki shi ne ƙananan dokokin da mutane ba su cika waiwaya ba. Tun taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Rio ta Brazil a 1992 aka amince da haƙƙoƙi uku: a ba jama'a bayani, a ji ta bakinsu kafin a yanke shawara, a kuma bar musu ƙofar kotu a buɗe. Ƙasashe da yawa sun shigar da wannan cikin dokar da ta tilasta yin nazarin tasirin aiki ga muhalli kafin a ba da lasisi. Dubi abin da ya faru a Lamu ta Kenya. An shirya gina tashar lantarki mai ƙona kwal, mai ƙarfin megawat 1,050. Masunta da sauran mazauna suka kai ƙara, kuma a Yunin 2019 kotun muhalli ta ƙasar ta soke lasisin. Babban dalilinta shi ne ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta ce ba, kuma nazarin bai yi la'akari da dokar sauyin yanayi ta Kenya ta 2016 ba. Har yau ba a gina tashar ba.

To, a nan ne nake so ka tsaya da kyau, domin a wajen tuntuɓar nan ake cutar mutane. Na sha ganin an kira taro, an raba ruwa da ɗan kuɗin mota, an zagaya da takarda a ce kowa ya rubuta sunansa don a san ya halarta. Bayan watanni sai ka buɗe rahoton ka tarar da wannan takardar a ƙarshensa a matsayin shaidar cewa al'umma ta amince. Na ga rahoto mai ɗaruruwan shafuka, cikin harshen da mutanen wurin ba sa karantawa, an ajiye shi a wani ofis mai nisa, aka ce wai an baje shi ga jama'a. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wani rahoto da ya kira makiyaya "filin da ba kowa", saboda masu nazarin sun je ne a lokacin da makiyaya suka tafi da dabbobinsu neman ciyawa. Mata masu ɗebo ruwa da itace a wurin kuwa ko gayyatarsu ba a yi ba. Duk waɗannan kurakurai ne da kotu za ta iya soke lasisi a kansu, idan akwai wanda ya rubuta su tun lokacin da suka faru, da kwanan wata.

Kada kuma kalmar "makamashi mai tsafta" ta sa ka ji nauyin tambaya. Ina goyon bayan sola da iska da zuciya ɗaya, don na san illar hayaƙin janareta da kwal ga huhun yara. Amma tsaftar wutar ba ta wanke zaluncin ƙwace fili. A yankin Fosen na Norwe an kafa injinan iska 151 a wurin da 'yan ƙabilar Sami ke kiwon barewarsu a lokacin sanyi. A Oktoban 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce lasisin ya tauye haƙƙinsu na raya al'adarsu. Sun yi nasara, amma an riga an kafa injinan, suka ci gaba da juyawa. Sai da matasan Sami suka yi zanga-zanga a Oslo, babban birnin ƙasar, a 2023 kafin aka kai ga sulhu da diyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan a ƙasar da kotu ke da ƙarfi ke nan.

Neman haƙƙi bayan ɓarna yana yiwuwa, amma yana cin rai. Manoma huɗu daga yankin Neja Delta sun kai kamfanin Shell ƙara a Holan a 2008 kan malalar mai. Sai a Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora wa reshen kamfanin na Najeriya alhaki, aka kuma daidaita kan diyyar Yuro miliyan 15 a ƙarshen 2022. Wasu daga cikin manoman sun rasu kafin hukuncin ya fito, 'ya'yansu ne suka ci gaba da shari'ar.

Saboda haka idan akwai aikin da ya sa ka yi wannan tambaya, fara da neman rahoton nazarin muhalli a rubuce daga hukumar da ke ba da lasisi, ka riƙe kwafin wasiƙarka mai hatimin karɓa. Ku sami wanda zai karanta muku shi a bainar jama'a cikin harshenku. Ku zana taswirar abin da ke filin da kanku: rijiyoyi, burtali, maƙabarta, itatuwan da ake amfana da su. Kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a rubuta manufarta a samanta ba. Ƙorafinku ya zama a rubuce, ba a baki kawai wurin taro ba. Alkawarin aikin yi ko na jawo wa gari wuta ya shiga yarjejeniya mai sa hannu, don na ga tashar da ke tura wuta birni alhali maƙwabtanta na kwana cikin duhu. Sannan ku tambayi lauya tun yanzu wa'adin da doka ta bayar na yin ƙorafi da na ɗaukaka ƙara, domin sau da yawa makonni ne kawai, kuma daga ranar da aka sanar ake fara lissafi, ko kun ji sanarwar ko ba ku ji ba.

Faɗa mini matakin da aikin yake, ko an ba da lasisi ko ana kan nazari, sai mu ga ta inda za ku fara. Allah ya dafa muku.