Amsa: Ina za a je zagayen ƙafa kusa da birnin York na Ingila?

Ɗan'uwa, tunda ka ce kana York kuma kana son hanyar da za ta dawo da kai wurin motarka, ka gwada kwarin da ake kira Hole of Horcum. Ka ajiye mota a Saltergate, a kan titin A169 tsakanin Pickering da Whitby. Daga nan za ka hango kwarin, katon rami kamar ƙwarya, zurfinsa kusan mita 120. Mutanen wurin suna cewa wani ƙato mai suna Wade ne ya dumbuzi ƙasar ya jefi matarsa, amma ruwan marmaro ne ya yi ta cin ƙasar a hankali har ta rufta.

Zagayen kamar kilomita 8 ne. Ka bi saman tudun Levisham, fili ne fetal ba bishiya, iska kuwa ba ta da tausayi. A watan Agusta ciyawar wurin takan yi fure shunayya ko'ina. Sai ka gangaro ka biyo cikin kwarin ka dawo. Ni ranar da na je, taɓo ya cinye mini takalmi har idon sawu, don haka ka sa na kirki. Hawan ƙarshe zuwa mota shi ne mai wuya, ka ajiye ruwa dominsa. Akwai tumaki, in da kare ka ɗaure shi.