Amsoshin Tambayoyinku: Cyrille Guimard, Daga Sirdin Keke Zuwa Motar Darakta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tun da Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya ci koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a gasar Tour de France ta 2024 na fara kallon tseren keke a talabijin. Ina ganin motoci ɗauke da kekuna suna bin 'yan tsere a baya, ana cewa daraktocin ƙungiyoyi ne a ciki. Malam, mene ne aikin darakta, tunda ba shi ke taka feda ba? Kuma wane tsohon ɗan tsere ne ya fi yin fice a wannan aiki? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam. Tseren keke na kan titi wasan ƙungiya ne, ko da yake mutum ɗaya ake miƙa wa kofi. A yau kowace ƙungiya tana shiga Tour de France da mahaya takwas, su yi zango 21 cikin mako uku. Babban abokin gabar mahayi shi ne iska, domin wanda ya laɓe a bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Saboda haka ƙarfin mutum takwas ɗin nan tamkar guzurin matafiyi ne, wanda idan aka cinye shi tun da hantsi za a kwana da yunwa, kuma darakta ne yake yanke shawarar wanda zai tare wa jagora iska, da wanda zai koma mota ya ɗebo ruwa, da wurin da za a kai farmaki, da ranar da za a haƙura a bar wasu su ci.

A ganina babu wanda tarihinsa ya fi bayyana wannan aiki kamar Cyrille Guimard, Bafaranshen da aka haifa a 1947 a garin Bouguenais kusa da birnin Nantes. Ya zama ƙwararren ɗan tsere a 1968, ya ci zango bakwai a Tour de France, ya kuma zo na uku a gasar duniya a 1971 da 1972. Shekarar 1972 ce ta fito da shi, ita ce kuma ta karya shi. A Tour ta wannan shekara ya ci zango huɗu, ya yi kwanaki yana sanye da riga mai ruwan ɗorawa ta jagoran gasa, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Eddy Merckx na Beljiyam har a kan duwatsu, alhali an san shi ne da gudun ƙarshen zango a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sai gwiwoyinsa suka fara ciwo. Ya ci gaba da takawa ana yi masa alluran kashe zafi, har ya kai ba ya iya tafiya da ƙafa sosai, daga bisani ya janye saura kwana biyu a isa Paris. Da aka ba Merckx koriyar riga a ranar rufe gasa, sai ya miƙa wa Guimard ita a gaban jama'a. Gwiwar ba ta ƙara komawa daidai ba, kuma a 1976, yana da shekara 29, ya sauka daga keke ya karɓi ragamar ƙungiyar Gitane.

A shekararsa ta farko ya ci Tour de France da Lucien Van Impe, ɗan Beljiyam gwanin hawan dutse wanda ya girme shi da 'yan watanni. A wancan zamani babu rediyon da ake saƙala wa mahayi a kunne, wanda sai a shekarun 1990 ya yaɗu, don haka darakta yakan matso da mota kusa da mahayinsa, ya leƙo ta taga ya ɗaga murya. A zangon da ya ƙare a Pla d'Adet cikin duwatsun Pyrenees, Van Impe ya kai farmaki tun da sauran tafiya mai nisa, ya bar Joop Zoetemelk na Holan a baya da fiye da minti uku. Guimard ya sha faɗin cewa sai da ya yi masa barazanar zai ture shi da mota kafin ya yarda ya fita, Van Impe kuwa ya musanta haka. Ko ma yaya aka yi, a wannan rana aka ci gasar.

Abin da ya fi burge ni game da Guimard bai faru a kan dutse ba. A 1977 yana da Bernard Hinault, matashi mai shekara 22 wanda ya faɗa rami a gangaren dutse a gasar Dauphiné, ya hauro jina-jina, ya hau wani keke, ya kuma ci gasar. Faransa duka tana ɗokin ganin yaron a Tour, amma ba a saka shi ba, aka ce ya jira ƙashinsa ya yi ƙwari. Ina ganin mutumin da ya san yadda gasa ɗaya ta cinye masa gwiwa ne kawai zai iya wannan haƙuri a gaban matsin 'yan jarida da masu ɗaukar nauyi. Hinault ya shiga a 1978 ya ci, ya sake ci a 1979 da 1981 da 1982. Sannan Laurent Fignon ya ci a 1983 da 1984. Tour bakwai ke nan cikin shekara tara, da mahaya uku daban-daban.

Ga misalin dabararsa a kusa. A gasar Giro ta Italiya ta 1980, a ranar hawan dutsen Stelvio, ya tura Jean-René Bernaudeau gaba tun da wuri. Da Hinault ya yakice abokan hamayya a kan dutsen, sai ya tarar da abokinsa yana jiransa a gaba, su biyun suka riƙa karɓa-karɓa wajen tare iska har garin Sondrio. Bernaudeau ya ci zangon, Hinault ya karɓi rigar jagora, ya kuma riƙe ta har ƙarshe.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce an taɓa cin Tour de France da tazarar daƙiƙa takwas kacal, kuma wanda aka kayar mahayin Guimard ne. Shin laifin darakta ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Gaskiya ne, Malama, a 1989 aka yi haka, kuma har yau ba a sami tazarar da ta kai wannan ƙanƙanta ba a gasar maza. Fignon ya wayi gari ranar ƙarshe yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50. Zangon kuwa na gudun ɗaiɗai ne da agogo, kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa wasu ƙarafa masu miƙewa gaba da ke haɗe hannuwa wuri ɗaya, ya sa hular kwano mai tsini ta baya. Fignon ya fito babu hula, gashinsa a ɗaure yana kaɗawa, ga kuma miki da sirdi ya yi masa. LeMond ya fi shi da daƙiƙa 58.

Ba zan wanke Guimard ba. Shi ne mutumin da tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanin motoci na Renault ke ɗaukar nauyin ƙungiyarsa, ya kai mahaya ɗakin gwajin iska domin a gyara musu zama a kan keke da siffar keken kanta. LeMond ya riga ya yi amfani da waɗannan ƙarafa a wani zango na farkon gasar, kowa ya gani, alƙalai kuma ba su hana ba. Wanda ya riga kowa sanin darajar iska bai kamata a sha shi ta wannan ƙofa ba. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne Guimard ne da kansa ya tafi har Amurka ya ɗauko LeMond, ya fara tsere a ƙarƙashinsa a 1981.

Akwai wani abin da za a iya tuhumarsa da shi. Duk da hattararsa, Hinault ya janye daga Tour ta 1980 saboda gwiwa yana sanye da rigar jagora, aka kuma yi masa tiyata a 1983, Fignon ma aka yi masa aiki a jijiyar agara a 1985. A ƙarshen 1983 zama ya gagara tsakanin Guimard da Hinault, domin dukansu ba masu karɓar umarni ba ne, Hinault ya koma sabuwar ƙungiyar La Vie Claire ta attajiri Bernard Tapie. A Tour ta 1984 ƙungiyar Renault ta ci zango goma, Fignon ya tsere wa Hinault da fiye da minti goma.

TAMBAYA: Shin dole ne sai mutum ya zama zakara kafin ya zama darakta? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Ba dole ba ne, kuma Guimard kansa bai taɓa cin Tour ba. Yawancin daraktoci tsofaffin 'yan tsere ne, amma da dama cikinsu masu hidimar ɗebo ruwa da tare iska ne a zamaninsu, waɗanda suka saba lura da halin kowa a cikin ayari. Aikin ya kuma wuce tuƙa mota. Da Renault ya janye a ƙarshen 1985, Guimard da Fignon suka kafa kamfaninsu wanda ya mallaki ƙungiyar, suka sayar wa kantunan Système U filin talla a jikin riga, daga baya kuma Castorama. Guimard ya taimaka wajen kafa ƙungiyar Cofidis a 1997, ya kuma jagoranci tawagar ƙasar Faransa daga 2017 zuwa 2019. Biyu daga cikin mahayansa na Renault sun bi sahunsa: Bernaudeau ya gina ƙungiyar da ake kira TotalEnergies a yanzu, Marc Madiot kuma, wanda ya ci gasar Paris-Roubaix a 1985 da 1991, ya kafa ƙungiyar La Française des Jeux a 1997, mahayinsa Frédéric Guesdon ya ci wannan gasar a shekarar farko.