Tambaya da Amsa: Idan Sanruf ɗin Tsohuwar Mota Ya Ƙi Motsi

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan tagar rufin mota mai aiki da lantarki, wato sanruf. Masu gyaran wutar mota da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata ta haura shekara 20. Sanruf ɗinta ya mutu murus, ko na danna makunni ba na jin komai. An ce in sayi sabon moto. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka saya tukuna. Moto, wato ƙaramin injin lantarkin da ke tura gilashin, shi ne ƙarshen layin wutar, kuma sau da yawa lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isa gare shi. Wutar tana tashi daga batir ta bi ta fiyus, a wasu motocin ta ratsa rile (ƙaramin makunni ne da wuta ke kunna shi), ta zo makunni, ta shiga moto, sannan ta koma ta wayar nagetif da ke ɗaure a jikin mota. Haka za ka bi ta, daki-daki.

Murɗa makulli ka kunna wuta, domin yawancin sanruf ba sa aiki sai da haka. Duba murfin akwatin fiyus ko littafin motar ka gano na sanruf. Galibi yana tsakanin amfiya 15 zuwa 30: shuɗi 15 ne, rawaya 20, fari 25, kore 30. Kada ka yarda da ido, fiyus yana iya tsinkewa ta inda ba a gani. A bayansa akwai ƴan ƙarafa biyu da suka leƙo. Maƙala fitilar gwaji a jikin mota ka taɓa kowanne. Idan ta kama a duka biyun, fiyus lafiya yake. Idan a ɗaya kawai ta kama, ya ƙone. Idan ba ta kama ko'ina ba, matsalar tana gabanin fiyus ɗin. Ka kuma gwada gilasan ƙofa, don wasu tsofaffin motoci layi ɗaya suke amfani da shi; in su ma sun tsaya, can ne za ka nema.

Rile kuwa, ɗora yatsa a kansa wani ya danna makunni, ya kamata ka ji ya yi ƙas. Amma yin ƙarar ba shaida ba ce cewa yana ba da wuta, bakinsa na ciki kan ƙone. Hanya mafi sauƙi ita ce ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon.

Daga nan sai makunni da moto, kuma a nan aikin yake. Moton sanruf na tsohon yayi waya biyu masu kauri gare shi, juya masa wuta ake yi ya canza hanya. Sa mita a kan wayoyin biyu, soket yana haɗe. Danna buɗewa, ka ga kusan bolt 12. Danna rufewa, ka ga bolt 12 da alamar ragi a gabansa. Idan ɓangare ɗaya kawai ke zuwa, bakin makunnin ya yi datti ko ya ci, ko kuma ɗan makunnin iyaka da ke tsayar da moto idan gilashi ya kai ƙarshe ya maƙale. Idan duka biyun suna zuwa amma moto shiru, ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukudireba kana danne da makunni. In ya zabura ya tashi, kabon ɗinsa ne ya cinye, wato ƴan gawayin da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a cikinsa, kuma ana canza kabon ba tare da an jefar da moton ba.

Abin da ke yaudarar mutane da yawa shi ne awo ba tare da kaya a kan layin ba. Wayar da saura sili ɗaya a cikinta za ta nuna bolt 12 a mita, amma da moto ya nemi wuta sai ta faɗi. Saboda haka ka auna kana danne da makunni. Wayar nagetif ma haka: tsakanin inda aka ɗaure ta da kan nagetif na batir bai kamata ka ga fiye da bolt 0.2 ba. In ya wuce, kwance notin, goge tsatsar da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tamau.

Gwajin ƙarshe shi ne a ba moto wuta kai tsaye daga batir, da waya mai fiyus na amfiya 20. Taɓawa ɗaya ta daƙiƙa guda ta isa, domin ka tsallake makunnin iyaka, babu abin da zai tsayar da shi. Idan soket ɗin moton mai wayoyi da yawa ne sirara, akwai ƴar kwamfuta a jikinsa, kada ka yi wannan gwajin.

Tambaya: Nawa yana buɗewa da ƙyar, yana gurnani, wani lokaci ya tsaya a tsakiya. Fiyus ya ƙone sau biyu, sai mai gyara ya sa mafi girma. Daidai ne?

Amsa: Ba daidai ba ne, Alhaji, a cire shi yau a mayar da na asali. Fiyus waya yake karewa. Idan aka sa na 30 a gurbin na 20, wayar da ke kwance cikin silin, tsakanin soso da yadi, ita za ta ɗauki zafin, kuma daga nan gobara ke tashi.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da nauyi a kan moto. Giris ɗin layin da gilashi ke bi yakan bushe ya cakuɗe da ƙura ya zama kamar danƙo. Moto yana fama da shi sai ya ja wuta ninkin ba ninkin. Motoci da yawa suna da abin kariya a cikin moton da ke yanke wuta idan ya yi zafi, shi ya sa yake tsayawa, bayan ƴan mintuna ya dawo. Buɗe sanruf ɗin iyakarsa, goge tsohon giris ɗin tas da tsumma da ƙaramin buroshi, cire tsakuwa da ganye, sannan ka shafa farin giris marar kauri, kaɗan kawai. Giris mai kauri na ƙafar mota ƙara masa nauyi zai yi. Robar gefe kuma man silikon ake shafa mata.

Ka lura da lokacin da fiyus ke ƙonewa. Idan sai gilashi ya yi tafiya ya cije, nauyi ne. Idan da ka kunna makulli yake ƙonewa tun ba ka taɓa makunni ba, waya ce ta goge ta taɓa jikin mota. A nemi wurin a inda wayoyi ke hawa ta ginshiƙin gefen gilashin gaba. In motar tana da jakar iska mai kare mutum lokacin hatsari a wurin, a cire kan batir a jira ƴan mintuna kafin a ɓalle murfin, kuma kada a tsikari soket masu launin rawaya.

Tambaya: Ya maƙale a buɗe ga hadari ya haɗu. Ina jin moto yana juyawa amma gilashi ba ya motsi. Yaya zan rufe?

Amsa: Hajiya, daina dannawa. Tunda moto yana juyawa, wuta lafiya take. Haƙoran giyarsa ne suka cinye ko kebul ɗin da ke tura gilashin ya zame, kuma kowace dannawa ƙara cin su take yi. Yawancin motoci suna da ramin alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida na juya noti) a tsakiyar moton, a bayan murfin da ke kusa da fitilar silin, galibi mai milimita 4 ko 5. A tsofaffin Mercedes irin W123 da W124 moton yana cikin but ne ta hagu. A juya a hankali. Idan alankin yana juyawa a banza, mutum ɗaya ya tura gilashin da tafin hannu biyu daidai wa daida yayin da ɗayan ke juyawa. In ya cije kada a tilasta, a rufe da leda da tef har a kai wurin gyara.

Tambaya: Duk bayan ruwan sama sai sanruf ya riƙa aiki yau, gobe ya ƙi, silin kuma yana jiƙewa. Robar ce?

Amsa: Da wuya. Robar sanruf dama ba ta hana ruwa ɗari bisa ɗari. A ƙarƙashinta akwai tire mai tara ruwa, da tiyo a kusurwoyinsa huɗu da ke sauke shi ƙasa ta cikin ginshiƙan mota. Idan suka toshe, ruwa ya cika tiren ya zubo kan makunni da soket, bakinsu ya yi kore-kore, wuta ta riƙa yankewa. Zuba rabin kofin ruwa a kowace kusurwa ka duba ko ya fita ta ƙarƙashin mota. Wanda ya toshe, zura masa igiyar roba mai ɗan tauri a hankali. Wayar ƙarfe tana huda tiyon, iskar kwamfuresa mai ƙarfi kuma tana fizge shi daga mazauninsa a cikin silin. Bayan haka cire soket ɗin, fesa masa maganin wanke bakin waya, bar shi ya bushe sarai kafin ka mayar. Idan ka cire batir a lokacin aikin, sanruf mai rufewa da dannawa ɗaya yana iya mance iyakarsa. A motoci da yawa ana riƙe maɓallin ɗaga bayan gilashin na daƙiƙa 10 zuwa 20 har ya motsa da kansa, amma duba littafin motarka, tsarin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.